Kafin a Cire Rediyon Mota, a Saurari Irin Ƙarar da Yake Yi

A ƙauyukanmu na tsakanin Ringim da Gumel, da wuya a sami direban da ya ɗauki rediyon motarsa a matsayin kayan ado. Wanda ya tashi da asuba da lodin buhuna zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko ya nufi Wudil ranar Juma'a, a rediyon yake jin labaran duniya, da sanarwar rasuwa da ta ɗaurin aure, da tafsirin malamai a watan azumi, kuma shi ne yake hana shi gyangyaɗi a kan doguwar hanya. Saboda haka idan murya ta fara dusashewa, ko wata ƙara ta danne maganar mai gabatar da shiri, abin yana damun mutum ƙwarai, kuma abin da ya fi saurin zuwa masa a rai shi ne rediyon ya mutu, sai a nemi wani. Na ga rediyoyi masu lafiya jibge a shagunan masu wayarin, an cire su ba tare da sun yi laifin komai ba, na kuma ga masu motocin sun dawo suna kukan cewa sabon ma haka yake yi. Abin da na tabbatar bayan doguwar mu'amala da waɗannan hanyoyi da kuma zama da masu gyara shi ne, akwatin rediyon shi ne na ƙarshe da ya kamata a tuhuma, kuma kunnen mai mota, idan ya natsu ya saurara, ya isa ya nuna inda matsalar take kafin a kwance noti ko ɗaya.

Akwai matsala iri biyu da mutane suke haɗawa wuri guda su ce rediyo ba ya kamawa. Ta farko ita ce raunin tasha, inda muryar take isowa a galabaice, tana tafe da shuuu mai laushi wanda bai damu da ko an taka totur ko an sake shi ba, sai dai yana ƙaruwa ko ya ragu gwargwadon wurin da motar take. Ta biyu ita ce kutse, inda tashar take isowa da ƙarfinta amma wani abu a cikin motar ko a gefen hanya yana zuba tasa ƙarar a kanta. Maganin ta farko yana wajen eriya da wayarta, maganin ta biyu kuwa yana wajen inji da wayoyin wuta. Raba su ba ya buƙatar kayan aiki. A ajiye motar a fili, nesa da wayoyin lantarki da injin niƙa da shagon walda, a kashe inji, a zare duk abin da aka jona a ramin caji, a murɗa makulli zuwa matakin da rediyo yake kamawa kaɗai, sannan a saurari tashar FM ta kusa, da wata ta nesa, da tasha ɗaya a kan AM. Idan murya ta fito tas a wannan yanayi amma ta lalace da zarar an tayar da inji, motar ce take haifar da ƙarar. Idan kuwa tun inji yana kashe muryar ba ta da ƙarfi, to a koma kan eriya, ko kan nisan wurin, ko kan ita tashar kanta.

Batun nisa ya kamata mu mutanen karkara mu fahimce shi da kyau, domin mu ne muke zaune a bakin iyakar da tasoshin birni suke kaiwa. Zangon FM, wanda yake tsakanin megahaz 87.5 da 108, tafiyarsa irin ta hasken tocila ce: yana miƙewa ne kai tsaye, abin da ya tare shi ya bar inuwa a bayansa. Doron ƙasa kansa yana tare shi. Bisa lissafin da injiniyoyi suke amfani da shi, eriyar tasha mai tsawon mita 100 tana hangen ƙasa har wajen kilomita 41, eriyar mota kuma ta ƙara kamar kilomita 5 a kai. Bayan wannan iyaka muryar ba ta yankewa nan take, tasha mai ƙarfi takan wuce ta sosai, amma tana raguwa da sauri, kuma duk ɗan kwari ko tudu sai ya nuna kansa a lasifika. Wannan ne ya sa wanda ya baro Kano yana jin Freedom a kan 99.5 ko Rediyon Kano a kan 89.3 garau, zai ji murya ta fara yayyankewa yayin da ya yi nisa, haka nan wanda ya shiga tsakanin duwatsun Dutse ko na Birnin Kudu ko na Kazaure zai ji tana ɗaukewa tana dawowa cikin 'yan taku kaɗan, saboda saƙon yana dukan dutse ya dawo ya ci karo da wanda ya zo kai tsaye. Babu mai gyaran da zai magance wannan. Abin da yake taimakawa shi ne mayar da rediyon daga sitiriyo zuwa mono idan yana da maɓallin yin haka, domin sitiriyo yana buƙatar saƙo mai ƙarfi fiye da mono nesa ba kusa ba, da kuma tabbatar da cewa ba a danna maɓallin LOC ba, wanda aikinsa shi ne ya sa rediyo ya tsallake tasoshi masu rauni.

Matsakaicin zango, wato AM, halinsa daban ne. Yana bin doron ƙasa ya yi nisa da rana, da dare kuma sararin sama yana dawo da shi ƙasa daga wurare masu nisan gaske, shi ya sa bayan magariba ake jin tasoshin wasu ƙasashe suna hawa kan na gida, murya tana tashi tana faɗuwa a hankali. Da damina kuma, duk walƙiyar da aka yi, ko hadarin yana can nesa ba a ganinsa, sai AM ya yi ƙas. Wannan ma ba cuta ba ce. Kuma kada a manta cewa tasha ma takan rage ƙarfi ko ta ɗauke gaba ɗaya idan ta sami matsalar wuta ko ta na'ura. Hanya mafi sauƙi ta kawar da shakka ita ce a tsaya kusa da motar wani a wuri guda a kamo tasha guda, ko a fito da ƙaramin rediyon hannu. Idan kowa yana fama, ba motarka ba ce.

Akwai wata matsala da ta addabi motocin da ake shigowa da su na hannu, kuma na lura mutane ƙalilan ne suka san da ita. Tun daga 1978, tasoshin matsakaicin zango a Afirka da Turai da Asiya suna zaune ne a kan tazarar kilohaz 9 tsakanin tasha da tasha. Lambobin da aka san tasoshinmu da su duk sun bi wannan tsari: Rediyon Tarayya na Kaduna a kan 594, Rediyon Kano a kan 729, Rediyon Jigawa a kan 1026, kowace lamba tana rabuwa da 9 ba saura. Amurka kuwa tazarar kilohaz 10 take bi. Don haka rediyon Camry ko Accord ko Vibe da aka ƙera don kasuwar Amurka, idan ana neman 594, zai tsaya ne a kan 590 ko 600, ba zai taɓa hawa tsakiyar tashar ba, muryar ta fito a shaƙe, kuma maɓallin nema na kai tsaye yakan wuce ta bai tsaya ba. A kan 729 abin da sauƙi, domin 730 bai kauce da yawa ba. A ɓangaren FM, rediyon Amurka yana taka lambobin da suka ƙare da mara ne kawai, irin 99.5 da 103.5 da 93.1, kuma da yake tasoshinmu da yawa a kan irin waɗannan lambobi suke, ba a cika jin illar ba. Wanda ya fi wahala shi ne rediyon da aka ƙera don Japan, wanda ake samu a cikin kayan hannu na kasuwa: tsohon zangon FM na can daga megahaz 76 zuwa 90 yake, saboda haka zai kamo 89.3 amma ba zai san akwai wata tasha a kan 99.5 ba. Duk wanda zai sayi rediyon hannu a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko a wata kasuwa, ya sa a jona masa shi ya ga inda lambobinsa suke farawa da inda suke ƙarewa. Rediyoyin kanti da yawa suna da wurin zaɓar yanki a cikin saitinsu, a mayar da shi kan Turai ko Afirka a huta. Rediyon da ya zo tare da motar daga kamfani kuwa, sau da yawa ba ya ba da wannan dama cikin sauƙi, kuma a nan ne kaɗai nake ganin canja rediyo mai lafiya yana da hujja.

Idan an kawar da nisa da wannan saɓani na lambobi, eriya ce ta rage, kuma a nan ne mafi yawan raunin tasha yake kwana. Tsawon eriyar sanda ba don kyau aka zaɓe shi ba. Igiyar FM a wajen megahaz 100 tsawonta mita 3 ne, eriyar mota kuma ana yin ta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wannan, wato wajen santimita 75. Eriyar da reshen darbejiya ya karye rabinta, ko wadda igiyar lodi ta lanƙwasa ta kwanta a jikin rufi, ko mai shiga da fita wadda ƙura ta cika ta har ta daina fitowa gaba ɗaya, ta rasa babban rabo na abin da za ta iya kamowa. A cikin birni ba za a lura ba, domin tasha mai ƙarfi ko da guntun waya sai ta shigo. A ƙauye, inda saƙon dama a gajiye yake isowa, bambancin yana fitowa fili. Irin wannan dalili ne ya sa ba na goyon bayan cire doguwar eriya a manna ƙaramar nan ta roba mai siffar bayan kifi da ake sayarwa da araha. Wadda kamfani ya ƙera a irin wannan siffa tana da na'urar ƙara ƙarfi da aka auna mata, ta kasuwa kuwa yawanci kwalliya ce kawai.

Abin da ido ba ya gani ya fi sandar muhimmanci. Eriyar sanda rabin aiki take yi, jikin motar ne yake cika ɗaya rabin, kuma haɗuwarsu tana a gindin eriyar, inda haƙoran ƙarfe suke cizon kwanon mota daga ciki. Ruwan damina yana bi ta tsagewar robar gindin ya zauna a nan, ƙurar hunturu ta haɗu da shi, tsatsa ta ci wurin, haɗin ya yanke. Haka ma idan an kai mota fenti aka feshe wurin aka mayar da eriyar a kan sabon fenti. Sakamakon abu biyu ne a lokaci guda: tasha ta yi rauni, kuma wayar eriyar ta rasa kariyarta, ta koma tana tsintar duk ƙarar da inji yake fitarwa. Gyaran bai wuce a kwance gindin, a goge wurin da samfefa daga ciki har farin ƙarfe ya bayyana, a ɗaure da kyau, sannan a shafa ɗan giris a kai don ruwa. Wayar da ta taho daga eriya zuwa bayan rediyo kuma tana da siririyar zuciya a tsakiya da saƙar ƙarfe a kewaye, kuma zuciyar nan sirantarta ta kai a ce jan rediyo da ƙarfi sau ɗaya yana iya tsinka ta. Mai mitar gwaji zai duba abu uku a eriyar da ba ta da na'urar ƙara ƙarfi: daga tsinin filogin zuwa sanda ya zama akwai hanya, daga saƙar waje zuwa jikin mota ya zama akwai hanya, tsakanin tsini da saƙa kuwa ya zama babu. Wanda ba shi da mita yana da alamar da ba ta cika yin ƙarya ba: idan FM na kusa yana shigowa amma AM ya mutu murus, a tuhumi eriya da wayarta kafin komai.

Motocin da ba su da sanda, da yawansu eriyarsu tana cikin gilashin baya, siraran layuka ne a saman waɗanda suke busar da raɓa, kuma kusan kullum tana da 'yar amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfi, ɓoye a jikin ginshiƙin rufi. Layin da aka kankare da reza wajen cire sitika ya yanke ke nan. Gilashin da aka canja bayan hatsari da wanda ba shi da layukan, ko aka manta ba a mayar da jonin ba, ya tafi da eriyar baki ɗaya. Ledar duhun gilashi mai haɗe da ƙarfe ita ma tana danne saƙo. Amma abin da ya fi yawa a 'yan shekarun nan shi ne wanda yake biyo bayan sa babban allon nan na Android. Amfilifayar eriya tana buƙatar wuta bolt 12, kuma tsohon rediyon ne yake ba ta. A motocin Japan da yawa wutar tana bi ta wata waya ta daban, wadda a rediyoyin kanti shuɗiya ce, mai haɗawa kuma yakan naɗe ta da salatif ya bar ta, yana ganin ta eriya mai fita da kanta ce kawai. A wasu motocin Jamus, irin dangin Golf da Sharan da suka cika tasoshin motarmu, wutar tana bi ne ta cikin wayar eriyar kanta, sabon rediyon kuwa ba ya tura ta, sai an sa ɗan mahaɗi na musamman mai ɗauke da shuɗiyar waya. Amfilifayar da ba ta da wuta ta fi rashinta muni, domin tare hanya take yi. Duk wanda rediyonsa ya raunana daga ranar da aka sa masa allo, ba ya buƙatar wani dogon bincike, ya koma ya ce wa mai haɗawar, "Malam, a duba mini wutar eriya."

Kutsen inji shi ne ɓangaren da kunne ya fi amfani, domin kowane mai laifi da muryarsa. Idan siririn fito ne mai tashi sama yayin da aka taka totur, ya sauko idan an saki, kuma ya ƙara ƙarfi idan an kunna manyan fitilu, altaneta ce. Ita altaneta wuta mai kai da komo take samarwa, wasu ƙananan na'urori da ake kira dayod, aƙalla guda 6, su daidaita ta kafin ta shiga batir, kuma ko da lafiyarta ƙalau akwai ɗan rawar da yake saura wanda batir yake shanyewa. Idan dayod ɗaya ya mutu, ko kan batir ya yi gishiri, ko wayar at, wato wadda take haɗa batir da ƙarfen jikin mota, ta saki, rawar ta yi yawa ta bi waya ta shiga rediyo. Idan kuwa ƙas-ƙas-ƙas ne mai sauri, wanda yake ƙara gudu tare da inji amma sautinsa ba ya yin sama, wutar fulogi ce. Inji mai silinda 4 da yake juyi 800 a minti yana tartsatsi 1,600 a minti, kusan 27 a kowace daƙiƙa, kowanne da ƙarfin da ya haura bolt 10,000, kuma kowane tartsatsi yana watsa ƙara a iska wadda AM ya fi kowa ji. Akwai tsohon gwajin da yake raba su biyun: a ɗaga inji sama kaɗan, sannan a mayar da makulli matakin da inji zai mutu amma rediyo ya ci gaba. Ƙarar fulogi tana ɗaukewa nan take, fiton altaneta kuwa yana ci gaba yana sauka har inji ya gama juyawa. Mai motar dizal ba shi da fulogin tartsatsi, don haka kada ya bari a sayar masa da wannan bayani.

Dalilin ƙarar fulogi sau da yawa yana komawa ranar da aka yi sabis. Kamfanoni suna sa wani abu mai rage kaifin wuta a cikin fulogi, mai nauyin kusan om 5,000, musamman don kashe wannan ƙara, kuma a fulogin NGK harafin R a cikin lambarsa, kamar BKR6E, shi ne shaidar hakan. Idan an sa maras shi, ko jabu da aka buga wa harafin ba tare da abin yana ciki ba, ko aka maye wayoyin fulogi da masu zallar jan ƙarfe, ƙarar ta bayyana daga ranar. Waya mai tsagewa ma haka, kuma ana iya ganinta da dare idan an buɗe bonet, shuɗin tartsatsi yana tsalle zuwa jikin inji, sai dai a kalla da ido kawai, kada a kai hannu. A jikin koyil ko altaneta na motoci da yawa akwai 'yar kwandansa mai waya ɗaya da aka sa don rediyo, wadda ake yawan jefarwa wajen gyara saboda mota tana tashi ko babu ita. Haka nan saƙaƙƙiyar wayar da take haɗa inji da jikin mota, wadda ake mantawa bayan an sauke inji ko giya. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne nake roƙon masu gyara su riƙa mayarwa inda suka same su, domin wanda ya ƙera motar bai sa su a banza ba.

Sauran na'urori masu juyawa ana kama su ta hanyar kunnawa da kashewa ɗaya bayan ɗaya. Ƙarar da take zuwa tare da waifa ta waifa ce, wadda take canjawa da matakin fankar iska ta fanka ce, wadda take zuwa ta tafi yayin da mota take tsaye a cunkoso ta fankar lagireto ce, gunjin da ake ji na 'yan daƙiƙoƙi da zarar an murɗa makulli kafin inji ya tashi kuwa na famfon mai ne.

Bayan an gane mai ƙarar, sai a gano ta wace ƙofa take shiga, domin magani ya bambanta. A zare filogin eriya daga bayan rediyo inji yana aiki. Idan ƙarar ta tafi, ta iska take zuwa eriya ta tsince ta, sai a gyara gindin eriya da tushen ƙarar. Idan ta zauna, ta wayar wuta ko ta at take bi, kuma irin wannan ce ake jin ta har lokacin da ake sauraron memori ko faifai. Sai a ɗauko waya mai kauri a taɓa gefe ɗaya a ƙarfen jikin rediyo, ɗaya gefen a farin ƙarfen mota, in ƙara ta ragu an gano cewa at ɗin rediyon ne bai zauna ba. A auna batir kuma: wajen bolt 12.6 inji yana kashe, tsakanin 13.8 da 14.5 yana aiki. Matatar ƙara da ake sayarwa a ɗaura a wayar wuta tana da amfaninta, amma ban yarda a fara da ita ba, domin fiton da ya bayyana kwatsam a motar da a da ba ta yi yana iya zama gargaɗin farko cewa altaneta ta fara gazawa, kuma toshe shi da matata yana nufin mutum zai gano gaskiya ne ranar da batir ya mutu masa a hanyar da ba kowa. Ina kuma jan kunne a kan al'adar nan ta cire kan batir inji yana aiki don a gwada caji. Batir ne yake danne hauhawar wuta, kuma cire shi a wannan hali yana iya ƙona dayod, da rediyon, da ƙwaƙwalwar motar gaba ɗaya.

A yau, a ganina, abubuwan da muke saya da hannunmu mu jona sun fi inji yawan kutse. Cajar waya mai araha da ake sokawa a ramin caji tana sauke bolt 12 zuwa bolt 5 ne ta hanyar yanka wutar sau dubbai masu yawa a daƙiƙa, kuma idan mai ƙera ta ya yi tsimin kayan tace ƙara, doguwar wayar cajin ta zama eriya mai watsa shuuu a duk faɗin FM. Fararen ƙwayayen fitila na LED da suka maye tsofaffin ƙwayaye haka suke aiki, shi ya sa wani zai ce rediyonsa lafiya lau da rana amma da dare tasoshin nesa su ɓace, yana zaton dare ne, alhali fitila ce. Haɗarin wannan irin kutse shi ne kamarsa da raunin tasha, ba ya bin totur, ba ya fito, yana rufe tasha ne kawai, sai a tafi ana zargin eriya. Ga kuma ƙaramar na'urar nan mai karɓar memori da Bluetooth ta tura waƙa zuwa rediyo, wadda ita kanta ƙaramar tasha ce a cikin mota, tana danne duk tashar da take kusa da lambar da aka saita ta. A motar haya, inda fasinjoji suke miƙo wayoyinsu a yi musu caji, abin ya fi tsanani. Gwajin bai wuce zarewa da kashe fitila ana sauraro ba. Wani lokaci ɗan zoben nan baƙi da ake maƙalawa a wuyan waya yana rage ƙarar, amma caja mai kyau da ƙwan fitila mai kyau sun fi shi tabbas.

Kutsen waje kuma, wanda yake zuwa idan an bi ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki ko kusa da taransifoma, ko gidan da yake da inbata ta sola, ko babur ya wuce da fulogi maras kariya, alamarsa ita ce yana da wuri: ana shigarsa ana fita. Ba ruwan motar da shi.

Idan duk an bi waɗannan aka rasa, sai a zo kan akwatin rediyon, kuma ko a nan ba a yanke hukunci da zato. A ari wata eriyar sanda mai waya, a soka ta a bayan rediyon, a taɓa gindinta da ƙarfen mota, in har yanzu ba ya kamo abin da motar kusa take kamowa, to laifin ya tabbata a kansa. Mafi yawan abin da ake samu shi ne dalmar da ta riƙe ramin eriya a jikin allon ciki ta tsage saboda girgizar hanyoyinmu na burji da zafin bazara, kuma mai gyaran rediyo na kasuwar ƙauye yana iya sake narka ta cikin ɗan lokaci da kuɗi kaɗan. Kafin a cire shi ko a cire kan batir, mai Honda ko Volkswagen ko Peugeot ya bincika ko rediyonsa mai neman lambar sirri ne, domin irin waɗannan suna kulle kansu idan wuta ta yanke, kuma motar hannu ba kasafai take zuwa da katin lambar ba. Sannan idan za a je wajen mai wayarin, a je masa da bayani cikakke: a kan AM ne ko FM ko duka biyun, inji yana kashe ko yana aiki, ƙarar tana bin totur ko ba ta bi, tana nan ko an koma memori, da kuma aikin ƙarshe da aka yi wa motar kafin ta fara.